Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ɗalibar da ta Tambaye Ni ko ECOWAS Tana da Manufar Hulɗa da Ƙasashen Waje

Assalamu alaikum, 'yata.

A wajen laccar da ɗaliban kimiyyar siyasa suka shirya a nan Katsina, kin miƙe a bainar jama'a kin tambaye ni cewa ECOWAS, ƙungiyar raya tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ba ta da ministan harkokin waje, ba ta da tsayayyar rundunar soja, kuma ƙasashe uku sun fice sun bar ta, ina ta ga wata manufar hulɗa da waje da har mutum zai rubuta kundin digiri a kanta. Tunda a gaban mutane kika yi tambayar, ya dace amsar ma ta zo a fili. Manufar tana nan, kuma ina so ki rubuta kundin, sai dai ba a cikin sanarwar bayan taron shugabanni za ki same ta ba.

Ƙungiyar ƙasashe tamkar gandu ce: kowa yana fitowa noman gonar gida, amma ransa yana kan gayaunarsa. Aikin mai nazari shi ne ya gano lokacin da ake haɗuwa a gandun da gaske, da lokacin da kowa ke zamewa, da kuma dalili. Lokacin da ƙasashe 15 suka sa hannu a yarjejeniyar Legas da ta kafa ECOWAS ranar 28 ga Mayu, 1975, bisa ƙoƙarin Janar Gowon da Eyadema na Togo, ciniki ne a gabansu. Yaƙin Laberiya ne ya ja ƙungiyar cikin harkar tsaro a 1990, aka tura dakarun ECOMOG, waɗanda mafi yawan sojojinsu da kuɗinsu daga Najeriya suka fito, alhali wasu ƙasashen ƙungiyar ba su goyi bayan tafiyar ba. Saboda haka tambayar farko da za ki riƙa yi wa kowane mataki ita ce: wa ya kawo shawarar, wa ya biya, wa ya yi shiru?

Ki gwada wannan tambaya a kan ciniki da Tarayyar Turai, domin nan ne abin ya fi fitowa sarari. A 2014 aka kammala tattauna yarjejeniyar ciniki tsakanin Turai da Afirka ta Yamma a dunƙule, amma Najeriya ta ƙi sa hannu saboda tsoron kada kayan Turai su durƙusar da masana'antunta, su kuwa Ghana da Kwaddibuwa, masu neman kasuwar kokonsu da sauran amfanin gonarsu, suka ci gaba da tasu yarjejeniyar ta wucin gadi. Wannan saɓani kaɗai ya isa babi guda. Kada kuma ki ɗauka rauni ne na baƙar fata, domin ita kanta Tarayyar Turai sai duk mambobinta sun amince take ɗaukar mafi yawan matakan harkokin waje, kuma ta rabu gida biyu a kan yaƙin Iraƙi a 2003.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma nake ganin ke kin fi ɗalibin Legas ko na Landan damar fahimtarsa, shi ne abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ƙungiyar suka zauna a Abuja, suka ba sojoji wa'adin mako guda su mayar da Mohamed Bazoum kan mulki, suka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar. A takarda suna da hujja, domin yarjejeniyar Dakar ta 2001 ta haramta karɓar mulki ba bisa tsarin mulki ba, kuma irin wannan barazana ta yi aiki a Gambiya a Janairun 2017, har Yahya Jammeh ya sauka. Amma mu da ke nan mun ga yadda takunkumin ya sauka a kan talaka. Na je Magama Jibiya a watan Agustan 2023, na tarar da manyan motoci jere a bakin hanya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa abinci a kan murhun duwatsu, 'yan acaɓa kuma suna bi ta cikin gonaki da fasinja a kan kuɗin da ya ninka na da. Matar da za ta je gaisuwar rasuwa Maraɗi ba ta san wata yarjejeniyar Dakar ba. Ta dai san cewa mai sarautar garin can har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, kuma danginta ne a can.

Ki lura da waɗanda suka juya akalar lamarin. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja. Sarkin Kano na 14, Muhammadu Sanusi II, ya gana da jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, a Yamai, sannan ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya bi baya, a lokacin da manzannin ƙungiyar na farko suka dawo ba su ga Tchiani ba. Ranar 24 ga Fabrairu, 2024 aka janye takunkumin ba tare da Bazoum ya koma mulki ba, bayan Mali da Burkina Faso da Nijar sun riga sun sanar da ficewarsu tun 28 ga Janairu. A ra'ayina, an yanke hukuncin ne ba a yi lissafin zumuncin da ke tsakanin al'ummar iyaka ba, kuma wannan kuskure ya jawo wa ƙungiyar asarar da za ta daɗe tana jin zafinta. Kina da ikon saɓa mini, muddin kin zo da hujja.

Ficewar da kika kafa hujja da ita kuwa, ita ce ma ta ƙara wa kundinki nauyi. Tun daga 29 ga Janairu, 2025, Nijar ta zama ƙasar waje ga ECOWAS, don haka duk abin da ƙungiyar za ta yanke game da fasfo, harajin kwastam da shige da ficen shanu da hatsi tsakaninta da AES, wato ƙawancen da ƙasashen uku suka kafa, hulɗa ce da waje, kuma a Jibiya da Kwangwalam za a fara ganin sakamakonsa. A Janairun 2025 ƙungiyar ta nemi mambobinta su ci gaba da karɓar fasfon 'yan ƙasashen uku mai ɗauke da tambarinta har sai an cimma matsaya.

Shawarata ita ce ki taƙaita bincikenki ga wannan sabuwar hulɗa. Ki karanta yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙungiya damar zaman kwana 90 ba biza, sannan ki zauna da dillalan kasuwar Mai'aduwa da direbobin hanyar Damagaram ki ji abin da ake karɓa a hannunsu a kowane shinge. Ki kuma dage da koyon Faransanci, domin takardun gwamnatin Nijar da na AES galibi da shi ake fitar da su, kuma bai kamata ki dogara da fassarar wani a kan abin da za ki kafa hujja da shi ba.

Allah ya yi miki albarka, ya sa a gama lafiya.

Wassalam,
Malaminki, daga Katsina.