Sifili biyu a allon injin balansin ba shi ne shaidar an yi aiki ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka taimaka mini da fili a shafin wasiƙu in yi magana da direbobi da masu motoci, da kuma 'yan'uwana masu sana'ar taya. Shekarata 14 ina tsaye gaban injin balansin, wato injin da ke auna daidaiton nauyin ƙafar mota, a wani shagon taya da ke kan titin Zariya a nan Kano. Kafin nan na yi shekara 6 ina faci a bakin tashar Unguwa Uku. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani direban Sharon mai jigilar Kano zuwa Kaduna da ya zo wurina ranar Talatar makon jiya ransa a ɓace.

Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Maigida, motar nan ta ishe ni. Da na wuce Kura na taka ta ta kai 90, sai sitiyari ya kama rawa kamar mazari. Na sauya tayarod, na sauya shokazoba biyu, an yi mini balansin har sau biyu, kuma duk a gabana injin ya nuna sifili."

Na sa yaro ya ɗaga motar ya kwance ƙafar gaba ta dama. Dalma shida, wato ƙananan nauyin da ake maƙalawa don daidaita ƙafa, na ƙirga a bakin rim ɗin ta waje: uku a jere, biyu suna fuskantarsu ta ɗaya ɓangaren, ɗaya kuma can gefe ita kaɗai. Da na haɗa nauyinsu sun kai giram 130. Na juya cikin rim ɗin, sai ga busasshen taɓon damina ya daskare a gefe guda, kaurinsa ya kai yatsa. Wato an yi ta auna taɓo ana biyansa da dalma, sannan a sake sa wata dalmar don ta kashe nauyin ta farko. Na ciccire su duka, na kankare taɓon, na zaƙulo tsakuwoyin da suka maƙale a zanen tayar, na daidaita iska, sannan na ɗora ƙafar a inji. Giram 25 injin ya nema ta waje, 15 ta ciki. Shi ke nan. Mutumin ya tsaya yana kallon tarin dalmar a tafin hannuna, yana lissafin abin da ya kashe wurin bakanike a kan kayan da lafiyarsu ƙalau.

Mutane da yawa suna raina maganar giram. Suna cewa me giram 30 zai yi wa motar da ta fi tan ɗaya da rabi? Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya san amsar. Idan gululun mazari ya fi nauyi ta gefe guda, yana ajiye ba ka ganin aibunsa, amma da an murza shi sai ya kama tangaɗi. Taya mai lamba 195/65 R15, irin wadda ke ƙarƙashin yawancin Sharon da Corolla, kewayenta kusan mita 2 ne. A gudun kilomita 100 cikin awa, tana juyawa sau 14 a kowace daƙiƙa. Giram 30 ɗin nan da ke bakin rim, a wannan gudun fizgarsa ta fi ta kilo 4. Kuma idan aka ninka gudu sau biyu, fizgar sau huɗu take ninkuwa, shi ya sa a cikin gari ba ka jin komai sai ka hau babban titi. Ka ƙaddara wani yana dukan ƙafar motarka da dutsen kilo 4, sau 14 a daƙiƙa, tun daga Kwanar Dangora har Kawo. Boris ne ke sha, da shokazoba, da boljoyin, ita kuma tayar ta riƙa cinyewa tsalli-tsalli kamar an yi mata sassaƙa da gizago.

Akwai wata magana da ke yawo a tashoshi wadda take tayar mini da hankali. Za ka ji direba yana cewa, "Ai in ka wuce 120 rawar tana dainawa." Gaskiya ne a hannu takan ragu, domin tsakanin 80 da 110 ne bugun tayar yake haɗuwa da lilon sifirin da shokazoba su zama baki ɗaya. Amma dukan da ake yi wa ƙafar ƙaruwa ya yi, hannunka ne kawai ya daina ji. Ga shi dokar hanya ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tsayar da ƙananan motoci a 100 kan babban titi mai tagwayen hanya, motocin haya kuma a 90. Mutum ɗauke da rayuka tara ya ƙara wuta don ya tsere wa abin da dalmar giram 25 za ta magance. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu bari in faɗi yadda aikin yake idan an yi shi bisa ƙa'ida, don mai mota ya san abin da zai sa wa ido. Bayan tsaftace ƙafar da cire tsofaffin dalma, ana zura ta a sandar injin, a zaunar da ramin tsakiyar rim a kan wani ƙarfe mai siffar mazurari da muke kira kon. Kon kala-kala ne, kowane rim da girman da ya dace da shi. A nan yawancin ɓarna take farawa. Idan kon ɗin ya yi ƙarami ko ya cinye, ƙafar za ta zauna a karkace ko da kaurin farce ne, injin kuma zai auna karkatar ya ce nauyi ne. Na ga shagon da kon ɗaya tal suke da shi, da shi ake yi wa Golf, da shi ake yi wa Hilux. Bayan an ɗaure, sai a gaya wa injin abubuwa uku: nisan rim daga jikin injin, faɗin rim ɗin, da girmansa, ko 14 ne ko 15 ko 16. Sababbin injuna suna ɗaukar wasu da kansu idan ka ja sandar awo ka taɓa rim, tsofaffi kuma sai ka danna da hannu. Idan ka ga an sauke ƙafar wata mota an ɗora taka, girmansu ba ɗaya ba, kuma ba a taɓa waɗannan lambobi ba, to awon motar wani ake yi maka.

Sai a rufe murfi, injin ya juya ƙafar na daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, ya tsaya, ya nuna lamba biyu: ta hagu ta ciki, ta dama ta waje. A juya tayar da hannu a hankali har fitilun su cika, a buga dalmar daidai saman rim, inda allurar agogo ke tsayawa a 12. Rim na ƙarfe dalma mai maƙata ake buga masa. Na alminiyam kuwa mai gam ake manna masa ta ciki, kuma injin yana da tsarin da ake sauya masa don haka, domin wurin zaman dalmar ya canja. Wurin da za a manna sai an goge shi ya bushe sarai, in ba haka ba kafin ka kai Chiromawa ta faɗi. Ƙafa mai lafiya dalma ɗaya take so ta ciki, ɗaya ta waje. Idan an juya karo na biyu injin ya sake neman wani abu, gyaran shi ne a matsar da ta farko ko a sauya nauyinta. Wanda ya ƙara ta uku da ta huɗu neman sifili kawai yake yi don ya nuna maka allo.

Ga gwajin da kowa zai iya nema, ba sai ya san komai game da inji ba. Bayan an nuna maka sifili biyu, ka ce a kwance ƙafar daga sandar, a juya ta rabin zagaye, a sake ɗaurewa a kunna. Idan ta dawo sifili, ko ta nuna 5, ko ma 10, an yi aiki. Idan ta nuna 30 ko 40, to ko zaman ƙafar bai yi ba, ko injin ya ɓace. Minti biyu ne. Ni ba na jin haushin wanda ya nemi haka, kuma duk mai sana'ar da ya yarda da hannunsa bai kamata ya ji ba.

Inji yana ɓacewa, wannan kuma laifinmu ne mu masu shago. Yana zuwa da wata dalma ta gwaji, galibi mai giram 100, wadda ake saita shi da ita lokaci-lokaci. A wurare da yawa an daɗe da buga ta a motar wani. Sannan inji yana son daɓen siminti mai ƙwari, a kafe shi da noti. Wanda aka ajiye a kan katako ana jansa waje da safe a mayar da yamma, girgizar kansa yake aunawa. Ga wutarmu mai hawa da sauka, ga janareta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na san kowa yana ƙoƙarin sallamar mota da wuri ya kashe janareta, ni ma ina jin zafin kuɗin man nan. Amma wanda ya karɓi kuɗin mutum ya karɓi amanarsa.

In koma kan direban nan. Ƙafarsa ta hagu da na ɗora, tun kafin injin ya tsaya na ga bakin rim ɗin yana lilo. Rami ya lanƙwasa shi ta ciki, inda ido ba ya kaiwa idan yana jikin mota. Na ce masa, "Malam, wannan zan iya sa ta nuna maka sifili yanzun nan, amma rawar ba za ta bar ka ba. Dalma nauyi take gyarawa, ba ta mayar da abin da ya lanƙwashe ya zama da'ira." Haka ma tayar da wayoyin cikinta suka saki ta yi ciki. Bai ji daɗi ba, domin a ranar yana da lodi, amma ya ɗaura safaya ya tafi Kofar Ruwa neman rim.

Ana kuma yawan haɗa balansin da alaimen, wato saita fuskar ƙafafu su miƙe daidai, kamar abu ɗaya ne. Idan mota tana ja gefe guda, ko taya tana cinyewa ta baki ɗaya, alaimen ne. Idan sitiyari na rawa a wani gudu na musamman, balansin ƙafafun gaba ne. Idan a kujera ko ƙasan mota kake jin ta, a duba na baya. Idan sai ka taka birki take zuwa, faifan birki ne, kada ka ɓata kuɗinka a wurina.

Tayar gwanjo ita ce ta fi ba mu wahala. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma duk da tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigo da su, kasuwa cike take da su. Ana cusa uku ko huɗu cikin juna don su yi yawa a mota, su iso a murɗe. Irin wannan takan nemi giram 90 ko 100 a gefe guda. Kafin in buga mata wannan nauyi, nakan sace iskar in juya tayar a kan rim rabin zagaye, sau da yawa lambar takan faɗo sosai. Sabuwar taya kuwa, idan tana da ɗigon rawaya a gefe, wurin da ya fi rashin nauyi ke nan, a daidaita shi da bawul. Kuma kowa ya koyi karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen taya: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne yaranmu masu koyon aiki. Dalma guba ce. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa dalma a ƙafafun motoci tun 2005, sun koma tutiya da ƙarfe. Mu har yanzu da ita muke aiki, wasu ma suna tara tsofaffi su narka a gwangwani a bayan shago, yara suna tsugune cikin hayaƙin. Na sha ganin yaro ya riƙe dalma da haƙora saboda hannayensa biyu suna kan taya, ko ya gama yanka ta ya kai hannu cikin kwanon shinkafa da wake. A shagonmu na ajiye buta da sabulu kusa da injin, kuma babu yaron da ke cin abinci sai ya wanke hannu a gabana. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu na masu faci da gyaran taya su sa wannan cikin abin da ake gaya wa kowane maigida, su kuma riƙa zagawa da dalmar gwaji suna duba injunan membobinsu. Shugabannin tasha na ƙungiyar direbobi ta NURTW su ma suna da ta cewa, tun da su ke ba mota layi.

Direban ya dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da rim ɗin da ya samo. Giram 20 da 10 ta ci. Da na nuna masa sifili biyu, shi da kansa ya ce, "Maigida, kwance ta ka juya mu gani." Na kwance, na juya, na kunna, ta nuna sifili da 5. Sai ya ce a ciro na bayan ma.

Wassalam.

Naka,
Mai aikin balansin,
Titin Zariya, Kano.