Honda Element a hanyar burji: a duba jikinta kafin a saurari injinta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mu amsa wata tambaya da malaman makaranta da ma'aikatan asibitocin karkara da manoman rani suke yawan kawowa gareji: shin ya dace mutumin ƙauye ya sayi ƙaramar jif wadda kamfani ya daina ƙerawa? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai neman jif ba ya son jin zancen silinda shida, ga CR-V da RAV4 sun yi tsada, sai dillali ya nuna masa wata ya ce ai duk ɗaya ne, wannan ma ta fi sauƙin kuɗi. Za mu ɗauki guda ɗaya mu warware ta, wato Honda Element, mai siffar akwatin nan, domin wanda ya iya duba ta ya iya duba sauran.

Honda ta ƙera Element a Ohio ta Amurka daga samfurin 2003 zuwa na 2011, daga nan ta rufe babinta. Daina ƙera mota shi kaɗai ba aibu ba ne. Abin tambaya shi ne, da wace mota take tarayya a kayan ciki? Element an ɗora ta ne a kan ginin CR-V ta 2002 zuwa 2006, injinta kuma K24 ne mai lita 2.4, dangin wanda ke cikin Accord ɗin da ake kira EOD da DC. Duk makanikin da ya saba da EOD ba baƙo ba ne a ƙarƙashin bonet ɗinta, kuma filogi da koyil da gasket da famfon ruwa ba sa wahalar samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Inda marainiya take shi ne jiki. Ƙofofin baya masu buɗewa ta baya, gilasansu, fitilun gaba da na baya, robobin da suka lulluɓe fenda, murfin but mai rabuwa biyu, babu wata Honda da za ta ara mata ko ɗaya. Akuya ta gitta a hanyar Gumel, fitila ta fashe, sai a jira wata da aka yanka a Ladipo ta Legas. Don haka ra'ayinmu a fili yake: Element mai gajiyayyen inji da lafiyayyen jiki ta fi mai inji garau da ta sha fanel bita. Inji ana sayensa, jiki kuwa sai an dace.

Kafin a buɗe bonet ma, a zauna a yi lissafin kaya, don a nan yawancin masu saye suke yin cinikin biri a sama. Girman akwatin yana ruɗin ido. Kujerunta huɗu ne kacal, babu wurin mutum na biyar, kuma nauyin da kamfani ya rubuta a takardar jikin ƙofar direba fam 675 ne, kilo 306 ke nan, mutane da kaya gaba ɗaya. Manya huɗu masu kilo 65 sun cinye 260, saura 46, ko buhun taki ɗaya mai kilo 50 bai shiga ba. In direba ne shi kaɗai, zai ɗauki taki buhu huɗu, ko masara manyan buhu biyu. Wanda yake da mata da 'ya'ya shida, ko yake nufin ɗibar fasinja ranar Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, ya haƙura da ita tun yanzu. Za ta ɗauka, mota ba ta gardama, amma shokozoba da bushin na baya su ne za su biya, tayoyin baya kuma su fara cinyewa ta ciki. Ga ƙofofin baya ba sa buɗuwa sai an buɗe na gaba, kuma a samfurin 2003 zuwa 2006 bel ɗin direba a jikin ƙofar baya yake maƙale, sai ya kwance kafin na baya ya sauka. Wanda take yi wa daidai shi ne mai zirga-zirga shi da mutum ɗaya ko biyu da kaya marasa nauyi: injin ban ruwa, feshi, kwalayen magani, kwandunan tumatur kaɗan. Kujerun baya suna naɗewa jikin bango ko a cire su ɗungurum, daɓen kuma roba ne, tsumma mai ruwa ya isa. Sai dai kada mai wankin mota ya sa mata tiyo a ciki, akwai wayoyi a ƙarƙashin robar.

Sai zancen taimako, wato tayoyin baya su ja tare da na gaba. Ba kowace Element ce ke da shi ba, kuma bakin dillali ba shaida ba ne. A karanta lambar shasi: tana farawa da 5J6, in YH1 ya biyo baya tayoyin gaba kaɗai ke ja, in YH2 ne mai taimako ce. Harafi na goma shi ne shekara, 3 na nufin 2003 har zuwa 9 na 2009, A 2010, B 2011. Wannan yana tona asirin wadda aka canja wa fuska aka ƙara mata shekaru. Bayan haka a tsuguna a leƙa, a ga ko dogon shaf ɗin da ke kai ƙarfi baya yana nan, domin da yawa an cire shi ranar da ya fara ƙara, an bar motar da suna kawai. Ko yana nan, a san iyakarsa. Babu liba, babu maɓalli, babu ƙaramar giya irin ta Hilux. Famfo biyu ne a cikin aksul na baya. Sai tayoyin gaba sun fara sulɓi sun fi na baya gudu, sannan bambancin matsin mai ya matse kuloci ya tura ƙarfi baya. Wannan ya isa ga taɓon damina a kan burji da gajeren yashi a bakin rafi. Bai isa ga doguwar jigawa ba, inda ake tafiyar kilomita da yawa taya na nutsewa, don man yana zafi taimakon ya saki. Tsakanin cikinta da ƙasa kuma santimita 17 da rabi ne kawai, don haka tudun tsakiya da tifa da amalanke suka bari a hanya zai riƙa shafar ta. Samfurin SC ma kada a kalle shi, an ƙara sauke shi ƙasa, ƙafa mai inci 18 gare shi da siririyar taya, kuma ba shi da taimako.

Gwajin aksul ɗin ba wuya. A sami fili mai tauri, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali dama da hagu. In aka ji gurnani ko baya na tirjewa, man ya tsufa ko an zuba wanda ba nasa ba. Nasa shi ne Dual Pump Fluid II, kusan lita ɗaya, ba man giya mai kauri na 90 da ake ɗura wa kowane aksul ba. Sau da yawa canji biyu a jere yana kashe ƙarar. Tayoyi huɗun kuma su zama girma ɗaya, 215/70R16, da cinyewa kusan ɗaya. In aka haɗa sabuwa da suɗaɗɗiya ko lamba daban-daban, aksul zai ɗauka gaba na sulɓi kullum, ya yi ta aiki har ya ƙone.

Yanzu a shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma, a nan ya kamata a fi daɗewa. Motar da ta yi rayuwarta a jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara ta sha gishirin da ake watsa wa titi, kuma Element tana da wurin da tsatsa ke so: gaban tayar baya, inda hannun ƙafar baya yake ɗaure da jikin mota. A ƙwanƙwasa wurin a ɓangarorin biyu. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana ba da sauti kamar an bugi busasshiyar ƙwarya, ɓawo na zubowa. In aka ga baƙin fenti mai kauri sabo fil a wurin, a kankare da sukundireba, ba don ado aka shafa shi ba. In ya huje, a bar motar ko da kyauta ce, domin ranar da wurin ya ɓalle a kan gudu tayar baya ce za ta karkace. Walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe. Tun ana ƙasan, a duba tukunyar salansa da makanikai ke kira indomi, ko an yanke ta an jona bututu. In babu ita fitilar cek inji ba za ta mutu ba. A ɗaga robar daɓe a sansana, a leƙa ramin safaya. Busasshen laka ko layin tsatsa a ƙafafun kujera alamar ta kwana a ambaliya ce, a can ƙetare ko a nan gida.

Inji a same shi da sanyi, da sassafe, kafin mai ita ya ɗumama shi. A murɗa makulli a ga fitilun cek inji da SRS (ta jakar iska) da ABS (ta birki) sun kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam an cire ƙwanta ne. A buɗe murfin zuba baƙin mai a haska: in ciki ya yi baƙi kamar gindin tukunya, an daɗe ana wasa da juye. K24 sarƙar tayimin gare shi ba bel ba, kuma rayuwar sarƙar da na'urar VTEC mai sarrafa buɗewar bawul duk a kan tsabtar mai take. Alamar da aka fi gani ita ce mota ta tafi lafiya a hankali, amma da allura ta doshi 3,000 sai ta riƙa fizga kamar an riƙe ta. In aka sa kwamfuta takan nuna lambar matsala P2646 ko P2647. Yawanci ba babban abu ba ne, 'yar rariya ce a gasket ɗin bawul na VTEC ta toshe, ko suwic ɗin matsin mai ya mutu, ko man ya yi ƙasa. Amma yana gaya maka irin riƙon da aka yi mata. Littafinta baƙin mai 5W-20 ya ce, lita 4.2 da filta. 5W-30 ba laifi a zafinmu, 20W-50 na durom kuwa yana cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo. Mai son tabbaci ya sa a auna kwamfireshan: kada wata silinda ta gaza 135 psi, kada tazarar babba da ƙarama ta wuce 28. In ɗaya ta yi ƙasa, kafin a yanke hukunci a duba satin bawul, don wannan inji da hannu ake saita shi, milimita 0.21 zuwa 0.25 na shiga, 0.28 zuwa 0.32 na fita, inji a sanyaye. Na fita sukan matse da tsufa, ba sa ƙara, sai dai mota ta riƙa mutuwa a silo da safe, in aka ƙyale su bawul ya ƙone.

Wata al'ada da muke roƙon 'yan'uwanmu masu sana'a su bari ita ce cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta shigo ƙasa. Ba ya maganin obahitin. Inji kawai yake hanawa kai zafin aikinsa, birenbos, wato kwamfutar motar, ya yi ta ƙara fetur. Abin da ke sa ta zafi a watan Afrilu shi ne lagireto da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suka toshe, da ruwan rijiya da ya yi kanwa a ciki, da murfin da ya saki. Mai saye ya tambaya ko tamostat na nan, ya bar ta a silo minti 20 da AC a kunne ya ga fankoki biyu na kamawa suna saki da kansu.

Giya ba doguwar magana. Otomatik na 2003 zuwa 2006 giya huɗu ne, daga 2007 biyar, kuma na baya ya fi sauƙin shan mai a kwalta, ga ƙarin jakar iska ta gefe. A zaro sandar man giya: ja ko ruwan hoda lafiya, baƙi mai ƙauri a gudu. Mansa ATF DW-1 ne, wanda ya gaji Z1, juye ɗaya lita biyu da rabi zuwa uku. Mai giyar hannu in an samu ta fi dacewa da ƙauye, ko don ana iya tura ta ranar da kik ya ƙi, kik ɗin kuwa a ƙarƙashin manifol yake, cire shi aikin rabin yini ne. Shan mai kada a yaudari kai, akwati ne ke faɗa da iska: kilomita 8 zuwa 10 a lita, tanki lita 60, a yashi kuma ƙasa da haka.

Abu biyu suka rage. Na farko jakar iskar sitiyari. Element tana cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar kamfanin Takata, wadda sinadarinta ke lalacewa da zafi da laima, ta fashe da ɓarɓashin ƙarfe a fuskar direba. Hukumar NHTSA ta Amurka tana da wurin da ake shigar da lambar shasi a waya a ga ko an canja ta kafin motar ta baro can. Na biyu takardun kwastan. A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, mu kuma ga mu a bakin boda, don haka lambar da ke takarda ta yi daidai da ta gindin gilas da ta jikin ƙofa, a kuma kai takardar ofishin kwastan a tantance kafin kuɗi ya fita daga aljihu, la'adar dillali ma sai bayan nan.

A ware kuɗin juye na farko cikin lissafin saye: baƙin mai da filta, man giya, man aksul, ruwan lagireto, filtar iska, filogi huɗu, da cikakkiyar taya da ƙafarta a madadin 'yar siririyar safayar da take zuwa da ita, wadda ba za ta kai mutum daga Taura zuwa wurin mai faci ba in hanya ta ɓaci. Wanda aka nuna wa Nissan Xterra otomatik ta 2005 zuwa 2010 a maimakonta, shi kuma ya fara da buɗe murfin lagireto da sanyi: in ruwan ya koma kamar madara mai ja-ja, man giya ya haɗu da shi, giyabos ɗin na kan hanyarta.

Mun gode da wannan fili.

Naku,
Wasu makanikai da masu gyaran bodi,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.