Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Muhalli, Malam Balarabe Abbas Lawal: a kira masu riƙe da zarto a zauna da su

Assalamu alaikum ranka ya daɗe.

Ni ɗan kasuwar katako ne a Na'ibawa nan Kano, a wannan sana'ar na tashi kuma da ita nake ciyar da iyali, shi ya sa na ce bari in rubuto maka da Hausa tunda kai namu ne, ba sai an nemo tafinta ba. Magana ce a kan dazukan kudu, irin na Kuros Riba da Edo da Ondo da Ogun. Wani zai ce ina ruwan Bakano da dajin da ko hanyarsa bai sani ba, to ya ɗaga kai ya kalli rufin ɗakinsa. Tu-bai-tu da tu-bai-fo ɗin da aka kafa kwano a kai, da gadon da aka kai 'yarsa da shi, da bencin makarantar yaransa, yawanci daga can tirela ta ɗauko su.

Ranka ya daɗe mu da muke taɓa kayan kullum mun san dajin yana ƙarewa, ba sai an kawo mana rahoto ba. Lokacin da nake yaro a shago falankin loko mai faɗin inci goma sha biyu ba abin nema ba ne, busasshe, mai nauyi, mutum biyu ke ɗaga shi. Yanzu sai ka zazzage mota guda ba ka samu goma na kirki ba, sauran duk ɗanye ne an yanko shi bai kai ba, kafinta ya saya yau bayan sati biyu ya dawo yana faɗa wai ya murɗe masa, kuma gaskiyarsa ce. Malaina da a da ake rainawa ita ce yanzu ta cika kasuwa.

Na sha shiga daji sayen kaya, kuma abin da na gani shi ne ya hana ni yin shiru. Wanda yake riƙe da injin yanka, ofareta, ba albashi gare shi ba, iya falankin da ya fitar iya kuɗinsa, to don Allah wannan mutumin ta yaya za ka ce masa ya bar ƙaramar bishiya ta ƙara shekara talatin? In ya bari wani ne zai sare ta gobe. Akwai wani yaro da ba zan manta ba, bai fi shekara ashirin ba, sarƙar inji ta tsinke ta same shi a ƙauri, babu takalmin aiki babu hular kwano, silifas ne a ƙafarsa, da rigarsa aka ɗaure wajen aka ɗora shi a babur tafiyar sama da awa biyu cikin taɓo kafin a ga titi. Wanda ya ɗauke shi aikin ko leƙowa bai yi ba, mu da muka je saye ne muka yi karo-karo. Washegari da safe wani yaron ne a kan injin.

Waɗannan mutanen, da masu ɗauko falanki a ka daga cikin ƙungurmin daji, da 'yan lodi, da masu aiki a somil, wato wurin da ake tsaga gungumen itace da inji, cikin ƙurar katako ba abin rufe hanci, kusan duk ba su da ƙungiyar ƙwadago. Eh akwai ƙungiyar ma'aikatan gine-gine da kayan ɗaki da katako a ƙarƙashin NLC, amma ƙarfinta a manyan kamfanoni yake, ni dai ban taɓa haɗuwa da ofareta a daji mai katinta ba. Ƙungiyoyin da muke da su na 'yan kasuwa ne da masu somil, ina cikin ɗaya, kuma gaskiya aikinmu kare jarinmu ne.

An gwada hani. Kuros Riba ta hana sare itace a 2008, aka yi shekara goma sha biyar a haka har aka ɗage a 2023, amma duk tsawon lokacin katako bai daina fitowa ba, sai dai da daddare, kuma farashi ya ƙaru saboda abin da ake ajiyewa a hanya. Wanda ake kamawa yaro ne mai inji, mai kuɗin yana birni a kwance. Alhali a wannan jihar dai mutanen Ekuri sun riƙe dajinsu, hekta sama da 33,000, saboda sun san nasu ne kuma da bakinsu ake yanke abin da za a taɓa da wanda za a bari.

Ka duba Barazil. Chico Mendes ba ɗan boko ba ne, mai tatsar roba ne a garin Xapuri cikin jihar Acre, shugaban ƙungiyar ma'aikatan karkara. Idan masu kiwon shanu suka turo a share daji, sai 'yan ƙungiya su fito da matansu da yaransu su tsaya gaban masu zarto hannu ba makami, su yi ta lallashinsu don su ma leburori ne 'yan uwansu. Da farko ba wai muhalli suke karewa ba, abincinsu suke karewa, don in babu bishiya babu roba. An harbe shi a gidansa ranar 22 ga Disamba 1988, amma a 1990 gwamnati ta keɓe daji sama da hekta 900,000 da sunansa, mutane na zaune a ciki suna tatsar roba suna tsintar 'ya'yan itace, ƙasar ta gwamnati ce amfanin nasu ne. Ga Ghana kusa da mu, a Oktoban 2024 ƙungiyoyin ƙwadago suka sa ranar yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, ba don albashi ba, don haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, wadda suke kira galamse, da ke cinye dazuka tana ɓata koguna, suna neman a soke dokar da ta ba da damar haƙa a gandun daji. An janye yajin ana gobe za a fara, mutane da yawa sun ji haushi, amma dai sai da fadar shugaban ƙasa ta zauna da su.

Na sani ranka ya daɗe, gandun daji a hannun jihohi yake, kai naka manufa ce ta ƙasa da wuraren da aka keɓe irin Okomu da na Kuros Riba. Amma kai ke tara kwamishinonin muhalli na jihohi duk shekara, in ka yi magana a nan ana ji. Roƙona a taro na gaba a ajiye kujera ga ƙungiyar ƙwadago, kuma a ce mata ta shiga daji ta yi wa ofaretoci da leburorin somil rajista tukuna, kada ta turo mana wanda bai taɓa jin warin ɗanyen katako ba. Duk wanda za a ba lasisin yanka a sa masa sharaɗi ma'aikatansa su kasance masu rajista, da kayan kariya, da biya na wata ba na falanki ba, kuma a koya musu kaurin da doka ta yarda a sare. Mutumin da ya san in ya ƙi sare ƙaramar bishiya akwai ƙungiya a bayansa ba za a kore shi ba, shi ne zai iya cewa a'a, kuma shi ne zai faɗa maka wace mota ce ta fita da ƙarfe biyun dare, don shi ya yi mata lodi. Aikin dashe ma su za a ba, a biya su rainon bishiya har ta kama, ba a dasa ranar biki a ɗauki hoto a watse ba.

Na san wannan zai ƙara mana tsadar kaya a Na'ibawa, abokan sana'ata wasu ba za su ji daɗin wannan wasiƙa ba, ni kam na yarda in biya ƙarin. Ɗana na fari ya fara zama a shago bana, ranar nan yake tambayata wai da gaske ne ana samun falanki mai faɗin da mutum zai kwanta a kai, sai da na kai shi gidan kakansa na nuna masa tsohuwar ƙofar zaure.

Allah ya taimaki Minista, ya yi riƙo da hannunka.

Naka,
wani ɗan kasuwar katako, Na'ibawa, Kano