Gaisuwar Sallah da Roƙo a kan Garkar Inna

Mancesta, Ingila
Juma'a, 10 ga Zulhajji 1446 (6 ga Yuni 2025)

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, barkanku da Sallah, barka da shan ruwan Arfa. Allah ya maimaita mana, ya karɓi ibadunmu, ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu, da Auta wadda na san ita ce za ta karanta muku takardar nan. Maigidana yana miƙo gaisuwa, jikokinku kuma tun da safe suke tambaya ko an kayar da ragon Funtuwa.

Mun je idi lafiya mun dawo. Azumin jiya ya ja sosai, don a watan nan rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, kafin biyar na asuba kuma ta sake fitowa. Layyarmu a mayanka ake yi, mutum ya biya mahauci ya ba da sunansa, nama sai gobe ko jibi. Babu babbakar kai da ƙafa, babu ƙamshin suya daga maƙwabta. Abin da ya cika mana gida yau shi ne na dama waina da ƙwan kajinmu, na yanko letas da lawashi daga lambu, muka kai wa maƙwabta kwano-kwano.

Lambun nan nake so in ba ku labari, Inna, don duk abin da nake yi a cikinsa a wurinku na gani. Filin ɗan siriri ne a bayan ɗakunanmu, bai kai rabin garkarku ba. Da muka tare ciyawa ce kawai. Yanzu kunya-kunya ne, da rumfar leda a gefe, da akurki a ƙarshen katanga. Manomin ƙasar nan ba ruwan sama yake jira ba, tafiyar sanyi yake jira. Har tsakiyar watan Mayu raɓa kan daskare da dare ta ƙone yabanya, shi ya sa tumatir da attaruhu a bakin taga nake renonsu tun watan Maris, cikin 'yan kofuna, sai sanyi ya ja da baya in dasa su a rumfa. Yanzu tumatir ya yi huda, kullum ina cire masa 'yan rassan da ke tsirowa a hammatar ganye don ƙarfinsa ya tafi ga 'ya'ya. Tafarnuwar da na binne tun kafin hunturu ganyenta ya fara ja, watan gobe zan tone ta. Sitiroberi, irin wanda ake nomawa a Filato, ya nuna, sai da na rufa masa raga saboda tsuntsaye. Ƙaramar jikarku ba ta bari ya kai kicin, a tsugune take cinye shi. Itacen tuffa kuma yana ta zubar da ƙananan 'ya'yansa, hankalina ya tashi, sai dattijon da ke maƙwabtaka da mu ya ce haka yake yi kowane watan Yuni, rage wa kansa kaya yake don na saman su yi girma.

Kayan miyarmu su ne masu wuyar sha'ani. Alayyahu ya karɓi ƙasar nan, kabewa ma tana ta yaɗo. Kuɓewa ba ta yarda da waje ba sam, ko a rumfa sai lallashi. Yakuwa takan ba ni ganye, amma ba ta fure sai yini ya gajarta, kafin nan kuwa sanyi ya riga ta, don haka zoɓo sai na kanti. Zogale a tukunya yake, hunturu na shigowa in shigar da shi ɗaki. Ranar da na tsinki ganyensa na farko, wanda ko tafin hannu bai cika ba, sai da na yi hawaye, na tuna naku da ya wuce katanga har almajirai na tsinka ba mai hana su.

Bana an yi ƙarancin ruwa, abin da ba a saba gani ba a garin da aka sani da yayyafi. Na kafa duro a bakin indararo, ruwan wankin shinkafa da na ganye ba na zubarwa, ban ruwa kuma sai rana ta yi sanyi, a gindin shuka, kamar yadda kuke sa mu yi da rani. Da dare akwai wasu dodon koɗi marasa ƙoƙo da ke fitowa, suna iya share kunyar letas kafin gari ya waye. Da tocila muke bin su ni da babban jikanku muna tsincewa.

Sai kaji. Guda huɗu ne, jajaye, duk mata, don carar zakara na iya sa maƙwabta su kai ƙara ƙaramar hukuma. Daga gidan gona suka fito. Manyan gonakin ƙwai sukan sallami kaza idan ta kai mako 72, akwai kuma ƙungiyoyin da ke karɓo su su raba wa masu son kiwo. Inna, da kun ga yadda suka zo da kun tausaya: wuya a fige, tukku fari fat ya kwanta gefe, ba su san tono ba, ba su san hawa sanda su kwana ba. Ɗaya ta yini tsaye wuri guda tana kallon sama. Yau gashi ya cika, tukku ya yi ja, ina buɗe ƙofa su yo kaina da gudu. Tsawon yinin nan yana sa su saka ƙwai kusan kullum, da hunturu ne suke ja baya. Lokacin zafi ƙuma ke damunsu, tana ɓuya a tsagar katako ta fito da dare ta sha jini. Na tona musu rami na zuba toka da yashi suna birgima, ina wanke akurki duk mako. Kashinsu nake tarawa da busasshen ganye ya ruɓe wata da watanni kafin ya shiga kunya, don ɗanyensa ƙona shuka yake. Abokiyar gabarsu yanyawa ce, tana yawo cikin gari ko da rana, tana haura katanga tana tona ƙarƙashin waya, shi ya sa magariba na yi sai na ƙirga su na sa sakata.

Doka kuma ta yi yawa. Tun 1 ga Oktoba 2024, ko kaza ɗaya gare ka a Ingila sai ka yi mata rajista da gwamnati, saboda murar tsuntsaye, idan cutar ta ɓulla kuma akan ba da umarnin kulle su. Sauran abincin kicin ma an hana ba su. Ƙanzon tuwon da kuke jiƙa wa naku, a nan laifi ne. Da farko abin ya yi mini nauyi, amma da na tuna shekarar da cuta ta share mana kaji kaf a mako guda, sai na ga hikimar rajistar.

To, Inna, ga abin da ya sa na tsawaita. Auta ta faɗa mini Yaya yana shawarar a sare gwaiba da lemun tsami, a tashi akurki, a shafe garka da siminti a fitar da shaguna ta bakin hanya. Na san nauyin gida a kansa yake tun rasuwar Baba, na san yadda kayan masarufi suka yi tsada, ban kuma ɗauki shawararsa da wata manufa ba sai alheri. Amma ina roƙonsa, don Allah, ya dakata. A ƙasar nan mutane kan rubuta suna a ƙaramar hukuma su yi shekaru suna jiran a ba su hayar ɗan filin shuka, mu kuwa namu na gado ne, da rijiya a ciki, da ƙasar da kuka yi shekaru kuna ciyarwa da taki. Gwaibar nan Baba ne ya dasa ta da hannunsa. Garkar ce ta sa ba mu taɓa kwana ba miya ba, kuɗin ƙwan kajinku kuma sun sha saya mana littafi da takalmin makaranta. Idan shago ake so, a duba zaure da ɗakin da ke gefensa, ni da maigidana mun yi magana, za mu ɗauki rabin kuɗin gyaran. Yaya, ka yi haƙuri da ƙanwarka ta sa baki daga nesa, ka kira ni bayan hidimar Sallah ta lafa mu zauna a kan lissafin.

Na turo ɗan abin barka da Sallah ta hannun Auta. A ba Gwaggo nata, a raba wa yara, a sayo buhun dusa da ragowar, a kuma nemo mai yi wa kaji allura kafin damina ta kankama. Auta, ki ɗauko mini hoton garkar, da na Inna cikin kayan Sallah, yara na son gani. In Allah ya yarda muna sa ran zuwa hutun ƙarshen shekara.

Inna, ku ci gaba da sa mu a addu'a. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba da damina mai albarka.

Wassalam,
'Yarku ta Mancesta