Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Ɗakin Wasannin Garinmu

Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. Muna durƙushe muna gaisuwa, muna neman afuwa idan harshenmu ya yi kaifi, domin abin ya kai mu maƙura.

Ranar Asabar da ta wuce, yaranmu na ƙwallon kwando suna atisaye aka yi ruwa da la'asar. Kwanon ɗakin yana yoyo ta wurare da dama, ruwa ya kwanta a daɓen, yaro ɗaya ya yi tsalle ya dira a kai, santsi ya kwashe shi, hannunsa ya karye. Da aka zo fita da shi, ƙofar baya a garƙame take da kwaɗo, mai riƙe da makullin ba ya nan. Sai ta ƙofar gaba aka kutsa da shi, cikin kujerun ƙarfe da aka jibge saboda bikin da za a yi da daddare. Ranka ya daɗe, da gobara ce fa? Ƙofa ɗaya tal ga ɗaki cike da yara!

Mun sha kai kuka, da baki da takarda, an ce mu yi haƙuri ana dubawa. Damina ta zo ta tafi, wata ta sake zuwa.

Tun ginin farko aka yi kuskure. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kuma ana barin mita 2 a kewaye don kada ɗan wasa ya yi karo da bango. Namu layin yana dab da bango. Daɓen siminti ne mai sulɓi, ga shi ƙafafun kujerun biki sun farfasa shi. Tagogin ƙanana ne, fankoki sun mutu, a watan Afrilu kwano ya ɗau zafi ba mai iya minti 20 a ciki. 'Yan mata masu ƙwallon raga sun daina zuwa don babu ɗakin canza kaya, babu banɗaki mai ƙofa. Ƙannenmu guragu masu buga ƙwallo sai an ɗauke su a hannu a hau da su matakala.

Ba mu ce a hana biki ba, mu ma muna aurar da 'ya'ya. Amma ɗakin nan don wasa aka gina shi, yanzu kuma yara ke roƙon a ba su rana. Kuɗin hayar da ake karɓa duk mako, ina yake shiga, tunda ko kwano ɗaya ba a canza ba?

Muna roƙon Hakimi, uban ƙasa, ya isar da kukanmu ga ƙaramar hukuma: a gyara rufin kafin wani ruwan, a cire kwaɗon ƙofar baya duk lokacin da mutane ke ciki, a kafe jadawali a bango a san ranar wasa da ranar biki. A yi wa mata ɗakinsu, a yi gangara a bakin ƙofa, a sa iyaye da masu horarwa cikin kwamitin kula da wurin. A taimaka wa iyayen yaron da kuɗin magani. Kuma don Allah, ƙofar nan, a buɗe ta tun yau.

Allah ya ja da ran Hakimi.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyaye, masu horarwa da matasan garin.