Katunan 'Yan Wasan Besbol: A Duba Waɗanda Ba Su Yi Suna Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili in yi bayani a kan tsofaffin katunan 'yan wasan besbol na Amurka. Duk lokacin da aka sayar da ɗaya da tsada sai labarin ya karaɗe kafafe, kamar katin Mickey Mantle na 1952 da aka yi gwanjonsa a kan dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022, ko na Honus Wagner da ya kai dala miliyan 7.25 shi ma a watan Agustan 2022. Mai karatu sai ya ɗauka sunan ɗan wasa ne kuɗin. Masu harkar sun san cewa ƙarancin kati da lafiyarsa su ne ke yanke farashi, kuma mafi yawan tarihin wasan yana kan katunan mutanen da aka manta da su.

Jerin da aka fi nema shi ne wanda ake kira T206. Kamfanin American Tobacco ne ya riƙa cusa katunan a kwalayen sigari daga 1909 zuwa 1911, guda 524, kowanne faɗinsa kusan milimita 37, tsayinsa kusan milimita 67. Gaban katin zanen ɗan wasa ne mai launi, bayansa kuma tallan sigari ko taba, irin su Piedmont da Sweet Caporal da Polar Bear. A cikin katuna huɗu da suka fi wahalar samu a jerin, biyu na manyan taurari ne, Wagner da Eddie Plank. Sauran biyun kuskuren maɗaba'a ne ya ɗaga su. Sherry Magee na Philadelphia ya fi kowa iya bugu a gasarsu a 1910, amma abin da ya sa ake rububin katinsa shi ne an fara rubuta sunansa "Magie" kafin a gyara. Joe Doyle kuwa mai jifa ne a ƙungiyar New York ta gasar American, sai aka rubuta masa "N.Y. Nat'l", wato aka kai shi ɗaya gasar, ta National, inda wani Larry Doyle yake wasa. An gano kuskuren da wuri, shi ya sa 'yan ƙalilan ne suka fita. Shi Joe Doyle ya fara da ƙafar dama a 1906, wasanninsa biyu na farko ba a ci shi ko ɗaya ba, amma kafin ƙarshen 1910 ya bar babbar gasa.

Katin lamba 1 a jerin kamfanin Topps na 1952, mai katuna 407, na Andy Pafko ne. Pafko ya yi wasa daga 1943 zuwa 1959 a Chicago da Brooklyn da Milwaukee, ya ci kofin duniya na besbol, wato karawar ƙarshe ta zakarun gasannin Amurka, da Milwaukee a 1957, sai dai bai shiga sahun taurarin da ake tunawa ba. Yaran wancan zamani sukan jera katunansu bisa lamba su ɗaure da roba irin ta ɗaure kuɗi, saboda haka na saman shi ke shan wahala: robar ta ci gefensa, hannu ya goge fuskarsa, kusurwoyi su lanƙwashe. Katin Pafko da ya sha jiki yana da yawa, mai lafiya sosai kuwa sai an tona. Katuna daga lamba 311 zuwa 407 sun fito a ƙarshen kakar wasa lokacin da kasuwa ta yi sanyi, don haka ko ɗan wasan da ba a san shi ba, in dai lambarsa ta faɗa nan, katinsa ya fi na takwaransa mai ƙaramar lamba tsada.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rayuwar da ke bayan waɗannan ƙananan katuna. Akwai Luther Taylor, kurma ne tun haihuwa, ya yi wa New York Giants jifa, ya ci wasa 21 a 1904, abokan wasansa suka koyi maganar hannu saboda shi. A T206 an zana shi da rigar Buffalo, domin a lokacin ya riga ya koma ƙaramar gasa. Akwai Mike Powers, likita ne kuma mai cafke ƙwallo a Philadelphia, ciwon ciki ya kama shi ranar da aka buɗe filin Shibe Park a watan Afrilun 1909, ya rasu bayan mako biyu, katinsa ya fito bayan ba ya duniya. Sai Fred Merkle na New York Giants, wanda a ranar 23 ga Satumban 1908, yana ɗan shekara 19, ya bar fili bai taka matsaya ta biyu daga cikin wuraren da ɗan wasa ke takawa a zagayen fili ba a ƙarshen wasa da Chicago Cubs. Aka soke cin da ƙungiyarsa ta yi, aka sake wasan, Cubs suka ɗauki gasar. Wannan rana guda aka riƙe masa har ya mutu, alhali ya buga wasan ƙarshe na kofin duniya a shekaru biyar daban-daban. Katunan irin waɗannan mutane, idan sun ɗan tsufa a jiki, farashinsu bai ko kusa da na taurari ba, kuma da su ya kamata mai farawa ya fara.

Akwai giɓi kuma da ya kamata a sani. Kafin Jackie Robinson ya shiga babbar gasa a 1947, an hana baƙaƙen fata wasa a cikinta, manyan kamfanonin Amurka kuma ba su buga musu kati ba. Mai neman katin irin su Oscar Charleston na zamanin da suke wasa sai ya koma Kyuba, inda suke zuwa wasan hunturu, kamfanonin taba na can suka buga su a 1923 da 1924. Sai a watan Disambar 2020 hukumar wasan ta amince cewa gasannin baƙaƙen fata na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne.

Wanda zai saya, kayan aikinsa uku ne: rula mai milimita, gilashin ƙara girma mai ninki 10, da fitilar nan mai shuɗin haske da ake tantance takardun kuɗi da ita. A fara da awo. Katin Topps na 1952 ya kai kusan milimita 67 da 95, daga 1957 aka koma 64 da 89. Katin da ya gaza awonsa, ga kusurwoyi masu kaifi kamar jiya aka yanka shi, mai yiwuwa an datse gefensa da reza don a ɓoye tsufa. Tsohon yanka yakan yi laushi, launin gefen ya yi daidai da na sauran jikin, sabon yanka kuwa fari ne tas. Wannan ha'inci ya kai har sama: a 2013 dillalin nan Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse katin Wagner mafi shahara, wanda kamfanin tantance katuna na PSA ya ba maki 8 cikin 10.

Daga nan sai gilashi. Sunan da ke ƙasan katin T206 na asali tawada ce guda a shimfiɗe. Idan harufan suka tarwatse zuwa ɗigo-ɗigo masu launi daban-daban, injin zamani ne ya buga shi. A nan ake kama masu kankare harafin "e" na Magee su mayar da shi "i", da masu ƙara wa katin Doyle na gama-gari kalmar "Nat'l" da ta sa mai kuskuren ya yi tsada, domin wurin da aka taɓa ƙyallinsa yakan bambanta. Fitila kuma a ɗaki mai duhu ake haska ta. Takardar da aka yi bayan shekarun 1950 galibi tana da sinadarin ƙara fari, sai ta yi walƙiya, ta 1910 kuwa ba ta yi. Rashin walƙiya kaɗai bai isa shaida ba, domin mai jabu yana iya samo tsohuwar takarda.

Kamfanonin tantancewa irin su PSA da SGC suna ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe katin a cikin roba mai tauri da lamba. Suna duba kusurwoyi da gefe da fuska da kuma zaman hoton a tsakiya. Kafin a biya, a shigar da lambar a shafin kamfanin a ga ko hoto da bayani sun dace, domin ita ma robar ana yin jabunta. Katunan ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kuwa, an buga su da yawan da ya wuce kima, kwali guda ma ba ya kawo wani kuɗin kirki, kada wani ya ruɗe ku da cewa sun haura shekara 30.

Ajiya ita ce ta fi shafar wanda ya kawo irin wannan kati ƙasarmu. Kada a yi masa laminatin kamar takardar shaidar makaranta, zafi da gam ɗin ba sa fita, darajarsa ta tafi ke nan. Kada salatif ko roba ko biro su taɓa shi. A sa kowanne a 'yar leda mai laushi wadda ba ta da sinadarin PVC, domin shi yakan yi gumi ya manne wa tawada, sannan a zura shi cikin roba mai tauri, a jera a tsaye cikin akwatin da ke rufuwa sosai. Danshi ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Laimar damina tana kawo fumfuna da jajayen ɗigo, bushewar hunturu kuma tana sa kati ya lanƙwashe, sauyawa tsakanin biyun ita ce ta fi ɓarna. 'Yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimakawa da damina, in ana sauya su. A ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara, a nisanta shi da taga, domin rana tana fara cinye jan launi da ruwan ɗorawa.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku