Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Ilimi Kan Laburaren Makarantu

Assalamu alaikum, Mai girma Minista.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya taya ka riƙon wannan amana, amin. Ni malamin makaranta ne, kuma ina cikin waɗanda suka daɗe suna kiraye-kiraye a kan laburaren makarantu. Mun rubuta takardu, mun zauna da iyayen yara, mun bi masu hali muna roƙon littattafai. Duk watan Oktoba, wanda ƙungiyar laburaren makarantu ta duniya, IASL, ta keɓe domin wannan harka, mukan tara ɗalibai a yi gasar karatu, a raba kyaututtuka. Duk wannan yana da amfaninsa, amma iyakar ƙarfinmu ke nan. Abin da ya rage a hannunka yake, shi ya sa na rubuto maka a bainar jama'a.

Roƙona shi ne laburaren makaranta ya daina zama alfarmar da ake jira daga hannun mai taimako. Ya samu gurbi a doka da kasafin kuɗi na kowace shekara, ya samu malamin da aka ɗora wa alhakinsa, ya samu lokacinsa a jadawalin darasi.

Ranka ya daɗe, ka san alƙaluman, amma bari in maimaita su saboda masu karanta wannan wasiƙa. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya bayyana cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su gane abin da yake faɗa. Bayan rufe makarantu saboda annobar korona, ƙiyasin 2022 ya kai kashi 70, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 89. Mu da muke cikin aji ba ma buƙatar rahoto kafin mu yarda. Muna ganin yaro ya kai aji biyar yana bin layi da yatsa, yana haɗa baƙi da wasali da ƙyar. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, domin hankalinsa duka ya tafi wajen haɗa haruffa, babu abin da ya rage na fahimta. Irin wannan yaro yakan faɗi lissafi ko da yana da kai, saboda tambayar ma a rubuce take zuwa. Ya faɗi kimiyya, ya faɗi tarihi, a ce masa daƙiƙi, daga nan sai ya fara fashin makaranta.

Malami yana koyar da haruffa da yadda ake haɗa su. Amma bakin yaro ba ya faɗawa da karatu sai ya karanta shafi bayan shafi, littafi bayan littafi, har kalmomi su zama yana gane su da kallo ɗaya. To me zai karanta? Littafin darasi guda ɗaya da ake rabawa tsakanin yara uku ko huɗu, wanda malami ke karɓewa in an tashi, ba zai yi wannan aiki ba. Yaro yana buƙatar littattafai masu yawa, daidai da ƙarfinsa, waɗanda shi ya zaɓa da kansa don suna ba shi sha'awa.

An gwada wannan tun da daɗewa. A shekarar 1980 wasu masana biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, suka kai littattafan labarai masu hotuna kimanin 250 kowane aji a wasu makarantun karkara na tsibiran Fiji, aka ware kamar rabin awa kullum domin karanta su. Cikin wata takwas yaran suka ci gaba a karatu ninki biyu na yadda aka saba gani, kuma da aka sake auna su a shekara ta biyu, ribar ta nan, har ta taɓa sauran darussa. Makarantun nan ba na masu kuɗi ba ne, malaman kuma su ne dai waɗanda aka saba da su. Abin da ya ƙaru littattafai ne da lokacin karanta su. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, OECD, ma, a jarrabawar PISA ta 2009, wadda ake yi wa ɗalibai 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, ta gano cewa ɗaliban da ke karatu kullum don jin daɗi sun yi wa waɗanda ba sa yi fintinkau da abin da ya kai karatun shekara ɗaya da rabi.

Akwai kuma wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda ya duba ƙasashe 27, ya nuna cewa yaron da ya tashi a gida mai littattafai kamar 500 yakan yi kimanin shekara uku a makaranta fiye da wanda ya tashi a gidan da babu ko ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ɗan mai hali yana da littattafai a gida, yana da mai karanta masa. Ɗan talaka kuwa, in bai ga littafin labari a makaranta ba, ba zai gan shi a ko'ina ba. Duk makarantar gwamnatin da ba ta da laburare, 'ya'yan talakawa aka hana, domin su kaɗai ne ba su da wata ƙofa.

Sai dai ba zan ce maka a sayo littattafai a raba shi ke nan ba, domin an yi haka a wurare da dama ba a ga komai ba. A Saliyo gwamnati ta raba littattafan darasi ga makarantun firamare, amma da masu bincike na Bankin Duniya suka bi sawu, sai suka tarar da yawansu a ajiye, ba su kai hannun yara ba. Shugabannin makarantun ba mugaye ba ne. Ba su da tabbacin za a sake kawo wasu, don haka suka riƙa tattalin waɗanda suka samu. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Duk malamin da ya yi aiki a makarantu ya san irin wannan kabad ɗin da ke ofishin hedimasta, a kulle, littattafai na ciki sababbi fil, ƙura da gara suna cin su, yara kuma suna waje. Hedimasta yana tsoron kada littafi ya yage ko ya ɓata, sufeto ya zo ya tuhume shi. Laifin na tsari ne, kuma tsari kai ke da ikon gyara shi.

A yammacin Kenya kuma an raba littattafan darasi, sakamakon yawancin yara bai motsa ba, sai na waɗanda dama su ne kan gaba a aji. Dalili shi ne littattafan da Turanci aka rubuta su, wanda ga yawancin yaran harshe na uku ne, kuma sun fi ƙarfinsu. Wannan darasi ne gare mu game da kwalayen gudummawa da ake turowa daga ƙasashen waje. Muna godiya ga masu bayarwa, amma sau da yawa in an buɗe sai a ga tsofaffin littattafan jami'a, ko labaran da yaro ɗan aji biyu ba zai iya ko shafin farko ba. A jera su a kanta, a ɗauki hoto, a ce makaranta ta samu laburare. Yaron da ke fara karatu yana buƙatar littafi cikin harshen da yake magana da shi a gida, daga nan ya haura zuwa wani.

Shi ya sa nake cewa zuciyar laburare mutum ne. Dole a samu wanda zai buɗe ƙofa kullum, ya san wane yaro ne yake son labarin dabbobi, wace yarinya ce take son na taurari, ya miƙa wa kowa abin da ya dace da shi, ya rubuta wanda ya ara, ya bi sawun wanda bai dawo da shi ba, ya liƙe wanda ya yage, ya zauna da malamin kimiyya su tsara abin da 'yan aji za su nema. A Amurka, tun daga binciken da Keith Curry Lance ya yi a jihar Kolorado a 1993, an maimaita irinsa a jihohi da yawa, kuma abin da ake ta samu shi ne makarantun da ke da ƙwararren ma'aikacin laburare sun fi samun sakamako mai kyau a karatu, ko da an yi la'akari da talaucin unguwar da suke. Sanarwar da IFLA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar laburare ta duniya, da UNESCO suka fitar a 1999 kan laburaren makaranta ta faɗi haka ƙarara: alhakin yana kan hukumomi, sai an tallafa masa da doka, sai an ba shi isasshen kuɗi mai ɗorewa domin ma'aikata masu horo da kayan aiki, kuma ya zama kyauta ga ɗalibai.

Doka ita kaɗai ma ba ta isa ba, Mai girma Minista. Brazil ta yi doka a 2010 cewa kowace makaranta ta mallaki laburare cikin shekara goma, da aƙalla littafi ɗaya ga kowane ɗalibi. Wa'adin ya cika a 2020, makarantu masu ɗimbin yawa ba su da shi. Suwidin ta wajabta laburare a dokar iliminta tun 2011, amma da ta ga wasu makarantu suna nuna ɗaki da kanta kawai su ce sun cika sharaɗi, sai ta gyara dokar, daga watan Yulin 2025 ya zama tilas laburaren ya kasance da ma'aikaci. Ƙasa mai arziki irin wannan ta ɗauki shekara goma sha huɗu kafin ta toshe wannan kafa. Mu muna iya toshe ta tun daga ranar farko.

Na san abin da za a ce maka a ofis: ga azuzuwa babu rufi, ga yara a ƙasa babu benci, ga albashi, ina kuɗin laburare? Gaskiya ne, kuma ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma ba gini nake roƙo a fara da shi ba. Inda babu ɗaki, akwatin ƙarfe mai littattafai ɗari a kowane aji ya isa a fara, a riƙa musanyawa tsakanin azuzuwa kowane zango. Inda ba za a iya ɗaukar ƙwararren ma'aikaci ba tukuna, a zaɓi malami ɗaya, a ba shi horo, a rage masa darussa don ya samu sarari, a sa wannan aiki cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Idan aka ɗora masa laburare a kan cikakken jadawalinsa ba tare da an rage komai ba, ƙofar za ta koma a kulle cikin wata guda. Littattafan ma ba duka sai an saya da tsada ba. Shafukan African Storybook da StoryWeaver da Bloom suna da dubban labaran yara cikin harsuna da yawa, har da Hausa, kuma an ba da izinin a buga su a raba. Abin da ya fi wannan kyau shi ne ma'aikatarka ta riƙa sayen littattafai kowace shekara daga marubuta da maɗaba'un cikin gida. Marubuci ba zai ɓata lokacinsa a kan littafin yara ba in ya san babu mai saye, amma ranar da ya tabbata akwai kasuwa duk shekara, littattafai za su fito.

Za a kuma ce maka zamani ya wuce takarda, komai yana waya. Yaron da bai iya karatu a takarda ba, ba zai iya a waya ba. Wanda ya iya kuwa ya fi kowa buƙatar mai nuna masa yadda ake bambanta sahihin bayani da ƙarya a intanet, kuma wannan yana cikin aikin malamin laburare a yau. In akwai wuta da kwamfuta, a sa su a ciki, madalla. In babu, littafi yana aiki ba tare da su ba. Kada kuma a manta da ɗalibai makafi: yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta sauƙaƙa mayar da littattafai zuwa rubutun makafi ko sauti, saura a yi amfani da damar.

Akwai abubuwa biyu da za ka iya yi ba tare da jiran majalisa ba. Na farko takarda ce daga ofishinka zuwa ga duk shugabannin makarantu, mai cewa littafin da ya tsufa a hannun yara ba asara ba ne, kuma ba za a tuhumi kowa a kansa ba, wanda za a tambaya shi ne wanda aka tarar da littattafansa a kulle. Na biyu, a canza tambayar da ake yi a ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Tambayar ko akwai laburare ko babu tana da sauƙin amsawa da “akwai”. A tambayi wa ke kula da shi, awa nawa yake buɗewa a mako, littafi nawa aka ara a zangon da ya wuce, nawa ne cikin harshen yaran. Sufeto ya buƙaci ganin rajistar aro, ya kira yaro ɗaya ya tambaye shi littafin da ya karanta na ƙarshe. Sannan a wallafa sakamakon kowa ya gani, domin iyaye su san halin da makarantar 'ya'yansu take ciki.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. A Afirka ta Kudu ɗalibai ne da kansu, ƙarƙashin ƙungiyar Equal Education, suka fito da kiran kowace makaranta ta samu laburare da ma'aikacinsa, suka yi ta matsa lamba har gwamnati ta fitar da ƙa'idojin gine-ginen makarantu a 2013, laburare na ciki. Malamai da iyaye da marubuta a shirye muke mu taimaka wajen zaɓen littattafai, da horar da malamai, da sa ido. Abin da ba za mu iya ba shi ne rubuta layi a kasafin kuɗi.

Don haka ina roƙonka, kafin a miƙa kasafin shekara mai zuwa, a ware wa laburaren makarantu kaso mai sunansa, wanda aka lissafa bisa yawan ɗalibai, wanda ba za a karkatar da shi zuwa wani aiki ba, kuma ka sanar da jama'a nawa ne da ranar da zai isa makarantu. Muna kuma neman ka ba wakilan malamai da ma'aikatan laburare lokaci su zauna da kai, su kawo maka tsarin a rubuce.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta